Izinin 'yan kwana-kwana a kan sifirinkila: daga tankin ruwa ake fara lissafi

Tambaya: Ina gina filaza a Kano, ƙasa da hawa uku a sama. Ƙasa shagunan atamfa da yadi ne, da sito a baya, sama kuma ofisoshi. An riga an zuba dakin na farko, wato kankaren da ke raba hawa da hawa. Yanzu aka ce mini ginin yana buƙatar sifirinkila, wato bututun nan na silin da ke fesa ruwa da kansu in wuta ta tashi, kuma sai 'yan kwana-kwana sun amince da zanen. Ɗan kwangila ya ce a gama gini tukuna, daga baya a nemi takarda. Ta ina zan fara, me ake kai musu, kuma me ke sa su dawo da zane?

Amsa:

Alhaji, kada ka ɗauki shawarar ɗan kwangilar nan. Tun ran gini, ran zane. Ƙa'idar da injiniyoyi suka fi bi wajen wannan aiki, NFPA 13 ta Amurka, cewa ta yi a kai zane a amince da shi kafin a ɗaura ko bututu ɗaya, kuma duk canjin da za a yi bayan amincewar sai an koma an nemi izini. Ko da ba a rubuta haka ba, ginin da kansa zai tilasta maka. Aikin yana buƙatar tanki mai cin ruwa sama da tan ɗari, da ɗakin injin turo ruwa, da ramukan da bututu za su bi ta cikin dakin da bim. In aka gama zuba kankare, abin da ya rage shi ne fasa, kuma fasa bim don a zura bututu raunana ginin ne. Da yake dakin ɗaya kacal aka zuba, har yanzu da sauran dama.

Hukumomi biyu ne za ka yi hulɗa da su. KNUPDA ce ke ba da izinin gini a birnin Kano, Hukumar Kashe Gobara ta Jiha kuma ita ke duba abin da ya shafi wuta, ta ba da takardar shaida. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 da ake komawa gare shi, amma lissafin bututu da ruwa dalla-dalla daga NFPA 13 ake ɗauko shi, ko daga EN 12845 ta Turai. Wanda zai yi zanen injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, wanda zai sa hannu ya buga hatiminsa. Filamba, komai ƙwarewarsa, nasa aikin ɗaurawa ne.

Kafin injiniyan ya ja layi ɗaya, ku je ofishin kashe gobara tare, riƙe da zanen ginin. Abu huɗu za ku nema, kuma a rubuce: ƙa'idar da suke karɓa da bugun wace shekara, rukunin haɗarin da za su sa kowane sashe na ginin, irin bakin da tiyon motocinsu ke shiga, da jerin takardu da kuɗin da ake biya. Kuɗin a biya ta hanyar da gwamnati ta tanada, a karɓi rasit, domin rasit ɗin yana cikin abin da ke shiga fayil. Wannan zaman na awa guda shi ke hana zane zirga-zirga wata da watanni.

Batun rukunin haɗari nake so ka fi riƙewa, don daga shi komai ke fitowa. NFPA 13 ta kasa gine-gine bisa yawan abin da ke ci da wuta a cikinsu. Ofisoshi suna rukunin ƙaramin haɗari. Shaguna suna matsakaicin haɗari, aji na biyu. Ga abin da bambancin ke nufi a ruwa.

A ofis, ana so kowace murabba'in mita ta samu lita 4.1 a minti, kuma ana ɗauka cewa wutar za ta buɗe kawunan fesa ruwan da ke kan fili mai murabba'in mita 139. Ka ninka, lita 570 ke nan a minti, na tsawon minti 30. Da ƙarin lita 380 a minti na tiyo, duka bai kai lita 30,000 ba.

A shago kuwa lita 8.1 ne a kan wannan fili ɗin dai, wato kusan lita 1,130 a minti. A aikace yakan haura zuwa wajen 1,300, saboda kawunan da ke kusa da babban bututu sun fi na nesa samun matsi, sai su zubar da fiye da rabonsu. Tiyo yana ɗaukar lita 950 a minti. Jimla 2,250. Lokacin kuma minti 60 ne zuwa 90, kuma ba a yarda da 60 ɗin sai in ƙararrawa da bawul-bawul ɗin suna haɗe da wurin da ake da mutum dare da rana. Lita 2,250 sau 60 ya ba da lita 135,000. In tankin sifirinkila kaɗai zai ciyar, babu tiyo a kansa, lita 78,000 ne a minti 60, ko 117,000 a minti 90. To amma ka tambayi kanka: a unguwar da ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, in motar kwana-kwana ta ƙarar da nata ruwan, ina za ta ɗiba? Ni ina ganin a sa rabon tiyon a cikin tanki.

Lita 135,000 tanki ne mai tsawon mita 9, faɗin mita 6, zurfin ruwa mita biyu da rabi. Tankunan roba masu cin lita 5,000 guda 27 ke nan. Nauyin ruwan kaɗai tan 135. Ka ga dalilin da ya sa ba a cusa shi bayan an gama gini. Akwai sassauci guda da ƙa'idar ta yarda da shi: in aka yi amfani da kawuna masu saurin buɗewa, silin kuma bai wuce mita 3 ba, ana iya rage filin lissafin, wato murabba'in mita 139 ɗin nan, da kashi 40 cikin ɗari. Injiniyanka ya duba ko ginin ya cika sharuɗɗan, ya kuma rubuta a zanen cewa ya yi amfani da shi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a rubuta ginin gaba ɗaya a matsayin ofisoshi don tanki ya ƙanƙance. Mai duba zane yana ganin kalmar shago a zanen mai gini, ya ga ƙaramin haɗari a zanen injiniya, sai ya dawo da shi. In kuma ya wuce ba a lura ba, wannan ya fi muni, domin ranar da diloli suka kama, ruwan da zai fita a minti rabin abin da ake buƙata ne, kuma a rabin awa zai ƙare.

Siton baya kuma maganarsa daban. Lissafin matsakaicin haɗari yana aiki ne in tulin kaya bai wuce mita 3.7 ba. Da zarar an jera diloli sun haura haka, an shiga babin ajiyar kaya, mai nasa lissafin da ya fi wannan cin ruwa. Irin kayan ma yana da tasiri: yadin roba ya fi na auduga zafin wuta, katifar soso da kayan roba kuwa sun fi su duka, ko da tulin bai yi tsawo ba. Don haka ka faɗa wa injiniya gaskiyar abin da za a ajiye da tsawon da za a jera shi. Sannan tsakanin saman kaya da kan fesa ruwa dole a bar aƙalla santimita 45. Ka sa a ja jan layi a bangon siton daidai wannan tsayi, ka kuma sa shi a yarjejeniyar haya, don ɗan kasuwa in ya ga sarari sama cika shi zai yi.

Wata matsala da ake yawan gani ita ce haɗa ƙa'idoji biyu. EN 12845 tana ba matsakaicin haɗari lita 5 a minti a kowace murabba'in mita, amma a kan fili mai girma, har murabba'in mita 216 a rukunin da shaguna suka saba faɗawa. Wani sai ya ɗauki lita 5 na Turai ya ninka da 139 na Amurka, ya samu adadi mai daɗin gani wanda babu ƙa'idar da ta san shi. A zaɓi ɗaya, a bi ta daga farko har ƙarshe.

Yanzu abin da ake kai musu. Takardar neman izini, kwafin izinin gini da takardun fili, da shaidar rajistar injiniya, waɗannan ba su da wuya. Nauyin yana cikin zanen. Dole ya nuna filin gaba ɗaya, da hanyar da motar kwana-kwana za ta shigo ta tsaya, da inda tanki da ɗakin inji suke. Kowane hawa da nasa shafin, an rubuta abin da za a yi da kowane ɗaki, an nuna kowane kan fesa ruwa da tazararsa, da girman kowane bututu, da inda za a rataye shi. Sai zanen da ya yanka ginin daga sama zuwa ƙasa, mai nuna tsayin silin da zurfin bim da sararin da ke tsakanin silin da rufi. Sai zanen babban bututun da ke hawa sama da bawul ɗin kowane hawa. Sai takardun masana'anta na kawuna, bawul da inji, masu ɗauke da shaidar cibiyoyin gwajin kaya irin su UL, FM ko LPCB. Sannan lissafin ruwa.

Lissafin nan shi mai duba zane na gaske yake fara buɗewa. Misali, kai ɗaya a shago yana kare murabba'in mita 12.1, don haka sai ya fitar da lita 98 a minti. Kan da aka fi amfani da shi mai lamba K80 ne, kuma don ya fitar da lita 98 yana buƙatar matsin ba 1.5 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi). Kawuna 12 ne za su buɗe a filin lissafin. Daga kan da ya fi nisa ake farawa, a bi bututu ana tara abin da gogayya ke cinyewa, har a iso bakin inji. A gininka lissafi biyu za a yi: na shaguna, da ya fi cin ruwa, da na hawa na ƙarshe, da ya fi cin matsi, tunda kowace mita 10 ta tsayi tana cinye kusan ba 1. Injin sai ya gamsar da duka biyun.

Wannan ne kuma ya sa tankin saman bene ba ya wadatarwa. Tankin da ke mita 3 sama da kawunan hawa na ƙarshe ba 0.3 kawai zai ba su, alhali mafi ƙarancin da aka yarda a kowane kai ba 0.5 ne. Ruwan zai fito, amma tsiyaya zai yi, ba zai baje ya rufe ɗakin ba. Rijiyar burtsatse ma aikinta cika tanki ne, ba a lissafa ta a matsayin ruwan kashe wuta.

In tanki ɗaya za a yi wa ginin duka, bututun ruwan bayi da alwala ya fita daga sama da layin ruwan gobara, yadda ko an shanye na amfanin yau da kullum, na gobara yana nan. A nuna wannan a zane ƙarara.

Injin turo ruwa yana da tasa ƙa'idar, NFPA 20. Ana sa babban inji, da ɗan ƙarami mai riƙe matsi don kada babban ya riƙa tashi saboda ɗan yoyo. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, inji mai lantarki shi kaɗai bai isa ba, sai da na dizal ko janaretan da ke ɗauka da kansa. Dalilin a fili yake: gobara da yawa daga wayar wuta take tashi, kuma abu na farko da ake yi shi ne a kashe wutar ginin. Saboda haka layin injin mai lantarki ya fito tun kafin a kai ga babban makunnin ginin. Na dizal yana da batir jeri biyu, tankin mansa kuma lita 5 ga kowane kilowat, da ƙarin kashi 10. A takardar masana'anta mai duba zane zai nemi ya ga injin yana iya ba da kashi 150 na ruwan da aka rubuta masa ba tare da matsinsa ya faɗi ƙasa da kashi 65 ba. Ga kuma inda ake yawan faɗawa: a haƙa tanki a ƙarƙashin ƙasa, a ɗora inji a samansa ya riƙa tsotso. Injin kwance ba a yarda ya tsotso ruwa daga ƙasa da shi ba, domin in iska ta shiga bututun, zai yi ta juyawa babu ruwa. Ko dai ɗakin injin ya sauka daidai da gindin tankin, ko a sa inji na tsaye wanda ke nutse a cikin ruwan.

Kawunan su ma suna da abin dubawa, kuma a nan yanayinmu ya shigo. Kowane kai yana da 'yar kwalba mai ruwa mai launi, wadda ke fashewa in zafi ya kai mata. Ja tana fashewa a digiri 68, rawaya a 79, koriya a 93. Ja ita ce ta yau da kullum, amma an yi ta ne don silin da zafinsa ba ya wuce digiri 38. Ƙarƙashin kwano a Kano, a watan Afrilu, ya fi haka nesa ba kusa ba. Kan da ya daɗe yana shan irin wannan zafi yana iya buɗewa babu wuta, ya jiƙa atamfar miliyoyi. A hawa na ƙarshe in babu abin tare zafi, da cikin rufi, da siton da kwano ne kai tsaye a samansa, a sa rawaya ko koriya, waɗanda ke jure zafin silin har digiri 66. In kuma katako ne ke riƙe da rufin, sararin da ke tsakanin silin da kwano shi ma sai an sa masa kawuna, don wuta takan bi ta nan ta zagaye ginin ba wanda ya gani.

Tazara kuwa, kai da kai kada su wuce mita 4.6, kada kuma su matsu ƙasa da mita 1.8, domin ruwan ɗaya zai sanyaya kwalbar ɗayan ya hana ta fashewa. Daga bango rabin tazarar ne iyaka. Duk abin da ya tare ƙasa mai faɗin fiye da mita 1.2, kamar bututun iskar sanyi ko ɗan benen katako da 'yan kasuwa ke yi a cikin shago, sai an sa kai a ƙarƙashinsa. Kowane shago da aka raba da bango har silin yana buƙatar nasa kawunan. Bututun ƙarfe ne ake sa wa shaguna. Farin bututun roba na ruwan gida ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan.

In zane ya dawo da gyara, injiniya ya amsa kowace magana da lambarta, ya nuna shafin da ya gyara. In an amince, kwafi mai hatimi ya zauna a wurin aiki, shi za a bi.

Amincewa da zane rabin tafiya ne, saura gwaji. Kafin a haɗa bututun ƙarƙashin ƙasa da na cikin gini, a wanke shi da ruwa mai gudun mita 3 a daƙiƙa har ya fito fes, don tsakuwa ɗaya ta isa ta toshe kai. Sannan a cika bututun duka, a matsa shi zuwa ba 13.8, a bar shi awa biyu, agogon awo bai sauka ba, babu yoyo. Wannan gwaji a yi shi kafin a rufe silin, kuma a gayyaci jami'an kashe gobara da wasiƙa su gani da idonsu. Mai aikin silin ba ya son jira, amma in ya rufe kafin a duba, mai duba yana da hujjar cewa a buɗe. Bayan nan a buɗe bawul ɗin gwaji da ke can ƙarshen layi, wanda ke fitar da ruwa daidai da kai ɗaya: ƙararrawa ta kaɗa cikin minti biyar, inji ya tashi da kansa. A gwada injin a rufe babu ruwa na fita, a gwada shi a kashi 100 na ruwan da aka rubuta masa, a gwada a kashi 150, a kwatanta da takardar masana'anta. A kawo tiyon hukumar a sa a bakin da aka yi musu a waje, a tabbatar ya shiga, kuma wurin ba inda za a kafa teburin mai shayi ko a ajiye babura ba ne.

Ranar dubawa ta ƙarshe za su nemi takardar gwaji mai sa hannun ɗan kwangila da wakilinka, da zanen yadda aka ɗaura a zahiri, da allon da ke jikin babban bututu mai nuna lissafin da aka yi, da akwatin kawunan ajiya da sifanarsu: guda 6 in kawunan ginin ba su kai 300 ba, 12 in sun kai 300 zuwa 1,000. Za su kuma ɗaga kai su dubi kawunan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda mai fenti ya shafa, canza shi ake yi, ba a kankarewa. Murfin roba da aka sa musu lokacin aiki a cire shi bayan an gama fenti.

Takardar shaidar da za su ba ka mai wa'adi ce, ana sabunta ta, kuma a kan ginin da suka gani aka ba da ita. In ka mayar da hawa na biyu sito, ko ka raba shago ɗaya gida uku, lissafin ya canza, sai a koma da sabon zane. Tsakanin dubawa da dubawa kuma, ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin ɗakin inji da littafin da zai riƙa rubutawa. Injin dizal a tashe shi minti 30 kowane mako. A duba man, da batir, da layin ruwan tanki. Babban bawul kuma a ɗaure shi a buɗe da sarƙa da kwaɗo, makullin yana hannun mutum ɗaya, domin abin da ya fi kashe amfanin sifirinkila shi ne wani ya rufe bawul don gyaran yoyo ya manta bai buɗe ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 cikin dare ta tashi, lokacin da shaguna ke kulle, kuma a irin wannan sa'a babu mai gudu ya buɗe bawul ko ya zuba wa inji mai.

A wannan makon, ka dakatar da zuba dakin na biyu, ka haɗa injiniyan ruwa da injiniyan da ya lissafa ƙarfin ginin su zauna a kan zane ɗaya, su fitar da wurin tanki, da ɗakin inji, da ramukan da za a bari a kankare, sannan ku ɗauki zanen ku nufi ofishin kashe gobara.